Zancen Cefane: Yadda Muka Biya Haya Ba Mu Taɓa Jari Ba

Yau zancen namu na 'yan canji ne, waɗannan da ke fita daga gefen zani da aljihun riga tun asuba har a kwanta, ba mai tambayar inda suka tafi.

Bari in fara da abin da ya same mu, don kada a ce ina zaune a inuwa ina ba na rana shawara.

Malam ɗan kasuwar albasa ne, mutumin wajen Galmi a Nijar. Ni kuma 'yar Illela ce, ina sayar da atamfa da mayafai a cikin gida. Muna zaune a Nima, a birnin Akra, ciki da falo, mu da yara huɗu. A watan Yulin 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie ta mayar da su Adjen Kotoku, can bayan gari. Kuɗin motar Malam ya ƙaru, masu saye kuma suka daɗe ba su saba da sabon wurin ba. Ana cikin haka, a watan Janairun 2022, mai gidan da muke haya ya aiko cewa kuɗinmu ya ƙare. Na Gana sun san yadda abin yake. Dokar haya ta 1963 ta hana a karɓi fiye da na wata 6 a dunƙule, amma a aikace na shekara ɗaya ko biyu ake nema, in ba ka da shi akwai mai jira a bakin ƙofa. Sidi 400 a wata, sau 24, sidi 9,600 ke nan.

Ba mu da shi. Malam ya ciro daga jari ya biya. Motar da ta zo bayan nan, rabin buhunan da ya saba ɗauka kawai ya iya ɗauka. Riba ta ragu, tukunya ba ta ragu ba, ga shi shekarar ta zo da tsadar da ba mu taɓa gani ba, don a watan Disamba hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin 100. Sai da muka shafe fiye da shekara kafin jarin ya koma inda yake.

Akwai wani dare da na farka na ji Malam a tsakar gida yana waya, murya ƙasa-ƙasa. Wani yaro yake roƙo ya ba shi buhu goma bashi, yaron da shi ya koya masa sana'ar. Ban ce masa na ji ba. Amma a daren nan na ƙudurta cewa in Allah ya kai mu wani biyan hayar, ba za a sake taɓa jari ba.

Littafin lissafi

Da safe na ɗauki ɗaya daga cikin littattafan rubutun yara, na ja layi a tsakiya: abin da aka saya, nawa aka saya. Na ce wata guda cur duk abin da ya fita daga gidan nan sai an rubuta, ko ashana ce. Da dare na tambayi Malam abin da ya kashe a hanya. Ya dube ni ya ce, "Uwargida, yanzu kuma kwastan kika zama?" Na ce, "Malam, ba aljihunka nake bincike ba. Buhunmu ne yake yoyo, ina neman inda ya huje." Ya yi dariya ya faɗa mini, amma na san ya rage wasu.

Da wata ya cika muka zauna muka haɗa. Wallahi ni kaina sai da kunya ta kama ni, don da ina ɗauka Malam ne mai sakin hannu, ashe yawancin ramukan a wajena suke. Babu wani babban abu guda da za ki nuna ki ce ga ɓarawon. Sidi biyu nan, biyar can, goma wajen waya.

Sai muka yi lissafi mai sauƙi. Kwana 700 suka rage kafin hayar ta sake ƙarewa. In aka raba 9,600 gida 700, bai kai sidi 14 a rana ba. Muka tsayar da 15. Abin da ya gagari Malam a dunƙule, da aka yanka shi kullum-kullum sai ya koma kuɗin da yara biyu ke kashewa a bakin makaranta. Duk wani biya da kika san ranarsa, haya ce, kuɗin makaranta ne, ragon layya ne, kuɗin motar zuwa gida ne, haka za ki yi masa: ki ƙirga kwanakin da suka rage ki raba. Saura tambayar daga ina sha biyar ɗin za ta fito. Ga inda muka samo tamu.

Sayen kaɗan-kaɗan

Talaka ya fi mai kuɗi sayen abu da tsada, don shi a ƙulle yake saye. Man gyaɗa na ƙulli, shinkafa gwangwani biyu, sukari na yau kawai. Kowane ƙulli akwai ribar mai ƙullawa a ciki, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani tunda da shi muke ci. Ni kaɗai ba zan iya sayen buhu ba, sai na yi wa mata uku na gidanmu magana. Muka haɗa kuɗi muka sari buhun shinkafa mai kilo 50 da jarkar mai, muka zauna a tsakar gida muka raba da olonka, wato gwangwanin awon da ake amfani da shi a kasuwannin Gana, kamar mudu ko tiya a gida. Kowa na kallo ake awo, don kada zumunci ya lalace a kan hannu ɗaya na shinkafa.

Sai dai akwai tarko, kuma na faɗa cikinsa. Watan farko shinkafar da na ce za ta yi kwana 30, a kwana 19 ta ƙare. In abu yana da yawa a ɗaki, hannu ba ya jin nauyin ɗiba. Tun daga nan na ware gwangwani guda na awo, na san adadin da ke isar gidana, kuma ni kaɗai ke buɗe robar. Wanda bai iya riƙe awo ba, gara ya ci gaba da sayen kullum.

Wake kuma ki zuba shi a busasshiyar jarka, ki cika ta har wuya, ki toshe bakin sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Tumatir da attarugu, lokacin da suka yi araha nake saye da yawa, in markaɗa in tafasa har ruwan ya ƙone, ko in yanka in shanya irin yadda iyayenmu ke yin kauɗa. Cefanen kayan miya kuwa da yamma nake zuwa, lokacin da mai tire ke son ta tashi. Kuma ba na zuwa kasuwa da yunwa ko da yaro a hannu, don duk biyun suna sa a sayi abin da ba a fito saye ba.

Sai karin kumallo. Yara huɗu, kowa a ba shi na koko da ƙosai ko na waakye a hanya, ga na tara a makaranta. Na koma jiƙa gero ina dama kunu a gida, ɗumamen tuwon jiya kuma ya daina zama abin kunya. Ranar Juma'a kaɗai ake sayen na waje. Sun yi ta ƙunƙuni sati biyu, daga baya suka saba.

Wuta da ruwa

Wake in ya kwana a ruwa, ba ya cin gawayi kamar wanda aka zuba a tukunya a bushe. Murfi a kan tukunya, kurfoti a inda iska ba ta kaɗawa, garwashin da ya rage a kashe shi a adana don gobe. Shinkafa in ta tafasa ruwan ya kusa tsotsewa, nakan sauke in naɗe tukunyar da tsohon bargo, zafinta ya ƙarasa ta. Ba a barin ta ta wuni a haka dai, da ta nuna a ci.

Gidanmu mita ɗaya ce ta kati, ana raba kuɗin bisa yawan ƙwan lantarki da kayan wutar kowane ɗaki, don haka tsimin mutum ɗaya ba ya amfanarsa sai kowa ya yi. Babban ɗanmu ya yi mana lissafi a gaban mutanen gida. Tsohon ƙwai mai wat 60, in yana kunne awa 6 kowane dare, a wata zai sha kusan yunit 11. Ƙwan LED mai wat 9, da ke ba da haske kusan iri ɗaya, ba zai kai yunit 2 ba. Aka yarda kowa ya canza. Abin da ya fi shan wuta shi ne duk mai yin zafi: dutsen guga, hita, butar lantarki. Guga ta koma sau ɗaya a sati, a haɗa kayan makaranta da na Juma'a a goge gaba ɗaya.

Ruwan leda kuma, wanda ake saya ɗai-ɗai a titi ya fi na jaka tsada nesa ba kusa ba. Muna sayen jaka, kowane yaro ya cika gorarsa kafin ya fita, Malam ma haka.

Waya

Nan ne na sha mamaki. Wayoyi huɗu a gida, kowace ana sa mata kati kaɗan-kaɗan kusan kullum. Da muka haɗa na wata, ya kusa kuɗin rabin buhun shinkafa. Muka koma sayen data ta wata a waya ɗaya, sauran su jona da yamma. Kiran gida kai tsaye, Nijar ko Najeriya, muka rage shi sai ga tsofaffin da ba su da babbar waya. Sauran 'yan uwa saƙon murya ta WhatsApp ya wadatar. Na kuma kai wayata ofishin kamfanin aka cire mini wasu abubuwa da ake yankar mini kuɗi a kansu kullum, waɗanda ban san ranar da na shiga ba. Ku duba naku.

A cikin wannan bincike ne na gano abin da ya fi kuɗin zafi. Saƙonnin momo na wayar babban ɗanmu sun nuna sidi biyar, sidi goma suna fita zuwa wuri guda, yawanci ranar Asabar da Lahadi. Cacar ƙwallo ce ta waya. Yaro mai sallah, mai kunya, ba wanda zai zata. Mahaifinsa ya zaunar da shi bayan isha'i, ba duka ba zagi, ya sa shi ya haɗa abin da ya zuba da abin da ya taɓa ci da hannunsa. Da ya ga jimillar sai ya sunkuyar da kai. Iyaye, wannan abu ya shiga zangonninmu sosai, kuma ba ya ƙara ba ya wari. Da ban buɗe littafin nan ba, da ban sani ba.

Aiken gida

Wannan shi ne mai wuyar faɗa. Tun zamanin da fatake ke zuwa Salaga sayen goro, duk wanda ya yi kudu ana ganin ya tafi inda kuɗi yake. Har yau na gida gani suke wanda ya kai bakin teku da shebur yake kwasa. Ba laifinsu ba ne kaɗai. Mu ne muke zuwa da sallah cikin sabuwar shadda muna rabon kuɗi, ba ma faɗa musu cewa mu shida muke kwana a ciki da falo.

Da, duk wanda ya kira sai a tura. Littafin ya nuna a wata ɗaya mun yi aike sau tara, kowanne da cajinsa, kowanne da abin da ɗan canji ya ci a kai. A lokacin ma ga harajin tura kuɗi ta waya da Gana ta sa a watan Mayun 2022, kashi 1.5 cikin 100, wanda aka rage zuwa kashi 1 a 2023 kafin a soke shi a 2025. Muka tsayar da magana: iyaye, nasa da nawa, suna da abu sananne kowane wata, ranar da aka sa ba ta wucewa. Rashin lafiya da rasuwa ba a yi musu ƙa'ida. Sauran buƙatu kuwa su jira ƙarshen wata, in akwai a yi, in babu a ba da haƙuri.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne sayen hatsi da kaka. Gero da dawa da wake sun fi araha bayan girbi, wajen Oktoba zuwa Disamba, sun fi tsada da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Maimakon mu riƙa tura na mudu-mudu a watan Yuli, sai mu tura a dunƙule da kaka, yayan Malam ya saya ya zuba wa Inna a ɗakinta, ya turo hoton buhunan. Na Illela ma haka nake yi ta hannun ƙanena.

Ban ce kowa ya ji daɗi ba. Akwai ƙanin Malam da har yau yake cewa matar yayansa ta mallake shi. Na ji, ya yi mini ciwo, na haɗiye. Inna dai ba ta rasa tuwo ba ko a watan Agusta, kuma ita ta san dalili.

Biki da anko

Ni mai sayar da atamfa ce, na san abincina nake zuba wa ƙasa, amma sai na faɗa. Anko ya fi ƙarfinmu. A wata ɗaya sai a fitar da uku, ga ɗinki, ga mayafi da takalmin da za su shiga da shi, ga gudummawa, ga al'adarmu ta ninka biki, an kawo miki ɗaya ki mayar da biyu. Na san akwatunan da ke cike da kayan da aka sa sau ɗaya, masu su kuma ina bin su kuɗin atamfar har yanzu.

Na yanke wa kaina uku a shekara, na jini ko na aminiyar da ta zama jini. Sauran bukukuwan ina zuwa da kayana masu kama da launin, in je da wuri, in kama aikin girki da wanke-wanke, in ba da abin da ya sawwaƙa. Zumunta a ƙafa take, ba a ce a turmin atamfa take ba. Wata ƙawata ta yi wata biyar ba ta amsa gaisuwata da kyau saboda ban yi ankon ƙanwar mijinta ba. Yanzu mun shirya, har ta zo ta ce in nuna mata yadda ake jan layin littafin.

Jari daban, cefane daban

Alhazai, wannan taku ce, kuma tawa ce. Ɗan kasuwa yana ganin kuɗi a hannunsa kullum, sai ya ɗauka nasa ne. Yawancinsu na kaya ne, na mai mota ne, na wanda ya ba ka amana ne. Malam ya yanka wa kansa albashi kamar ma'aikaci: abu kaza kowane sati na gida, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ranar da aka samu da yawa, rarar ta zauna a jari ta jira ranar da ba a samu ba. Ni ma na raba jaka biyu, ta atamfa da ta cefane. In na ɗauki turmi don kaina, sai na biya jakar atamfa kamar baƙuwa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a rubuta ba rabinsa ya tafi. Duk wadda ta ɗauki kaya ina rubutawa a gabanta, da ranar da ta ce za ta kawo. Wadda ba ta biya na baya ba, ba ta ɗaukar sabo, ko da tare muke zuwa islamiyya.

Ina za a ajiye?

Sha biyar ɗin nan da safe ake cire ta, kafin a yi cefane. In aka ce sai abin da ya rage da dare, ba abin da zai rage. Muna jefawa a asusun katako mai kwaɗo, makullin yana shagon wani dattijo aminin Malam. Ƙarshen wata a buɗe a kai banki, a wani asusu da ba mu karɓi katin cire kuɗinsa ba, sai mutum ya je da ƙafarsa ya bi layi. Wahalar cirewar ita ce maganin.

Adashi yana da kyau, ko susu kuke ce masa ko tontin. Ba ya haihuwa, amma yana tilasta miki zubi. Ki san uwar adashin, ki san gidanta, ki nemi kwasarki ta faɗo daidai lokacin da kike da babban biya. Masu yawon karɓar susu kullum kuma, ƙa'idarsu zubin kwana ɗaya a cikin 31 nasu ne. Ladan aikinsu ne, amma ki san kina biya, kuma ki tabbata ana rubuta miki a kati.

Kada a tara kuɗi a shago ko a rumfa. Gobarar kasuwar Kantamanto ta farkon Janairun 2025 cikin dare ta tashi, da yawa ba su samu damar ɗauko komai ba. Kada kuma a binne takardun kuɗin wata ƙasa a ƙasan akwati. Farkon 2023, da Najeriya ta canza takardun naira 200 da 500 da 1,000 ta sa wa'adi, na san wata baiwar Allah a nan da ta fito da tsofaffin da ta shekara tana tarawa don aurar da 'yarta, ta ba 'yan canji a wulaƙance saboda tsoro. Daga baya kotu ta tsawaita wa'adin, amma nata ya riga ya tafi.

Ƙa'idar da muke bi ita ce a tara a kuɗin da za a kashe. Haya da sidi za a biya, to a tara sidi. Geron Inna da sefa za a saya, to a mayar da shi sefa da wuri, tunda ita a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya. Na Kamaru da Chadi ku tuna sefarku daban take da ta Nijar da Benin da Togo. Darajarsu ɗaya a takarda, amma wajen canji sai an rage muku wani abu. Sayen dala don jiran ta tashi kuwa ba aikin mai kuɗin haya ba ne. Sidi ya faɗi warwas a 2022, ya kuma farfaɗo a 2025, waɗanda suka saya da tsada suka tafka asara.

Duk wanda ya ce ki kawo ɗari ki karɓi ɗari da talatin a wata ba tare da kin ga abin da ake saya ana sayarwa ba, ki riƙe jakarki da kyau. Na Benin ba su manta da ICC Services ba a 2010, na Najeriya ba su manta da MMM ba a ƙarshen 2016. A nan Gana, a 2019 babban banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance 347 a rana ɗaya. Kafin ki kai kuɗinki ko'ina, ki sa mai karatu ya duba miki ko suna cikin jerin masu lasisi na babban bankin ƙasar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inda ba a tsimi

Tsimi daban, rowa daban. Ba mu rage wa yara abinci ba, wurin sayensa muka canza. Ba a tsimi a kan magani: zazzaɓi ya kama yaro, a je a gwada jini, kada a tsaya sayen ƙwaya biyu a tebur har abin ya kai ga kwanciya. Mu na Gana akwai inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003, ana sabunta ta ta waya, kuma katin da ya mutu ba ya aiki ranar da ake buƙatarsa. Gidan sauro ya fi kuɗin gado a asibiti sauƙi. Takardun zama da na sana'a a sabunta su kan lokaci, don wanda takardarsa ta mutu kullum cikin ba da na goro yake. Takalmin makaranta kuma na daina sayen mafi araha bayan na sayi uku a zango ɗaya. Araha ba ta ado.

Sadaka ma ba mu daina ba, kuma kwanon maƙwabci bai daina fita ba. Wanda ajiyarsa ta kai nisabi ta shekara a hannunsa, ya tambayi malaminsa batun zakka, ɗaya cikin arba'in ce.

Ranar biya

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, Malam ya yi makonni yana zuwa kasuwa yana dawowa hannu rabbana. A lokacin ba a jefa komai a asusu ba. 'Yar autarmu ma ta yi jinya. Gaba ɗaya kwana 80 muka tsallake. Sau biyu Malam ya ce a ciro kuɗin a yi cefane, sau biyu na ce, "Malam, a yi haƙuri a ci ɗumame, in ya gagara ni da kaina zan je bankin." Allah ya rufa asiri bai gagara ba.

Ƙarshen Janairun 2024 muna da sidi 9,300. Sai mai gidan ya ce haya ta koma 600, na shekara biyu 14,400. Na zauna a bakin gado na rasa abin cewa. Malam ya ɗauki dattijon nan mai riƙe makulli suka je suka same shi. Suka ce ga na shekara ɗaya a hannu yanzu, 7,200, ba sai an jira ba. Mai gida ya ga kuɗi a gabansa, ya ga mutanen da ba su taɓa yi masa rigima ba, ya karɓa. Muka dawo da 2,100, jari kuma ko fesuwa ba a taɓa ba. Satin nan da mota ta zo, Malam ya ɗauki kayansa cikakku.

Darasin da na ɗauka shi ne ban sa ƙarin haya a lissafina ba. Yanzu 25 muke jefawa, ko da yake 20 ta isa a kan farashin da muka biya. Kuma abin dariya, wanda ya kira ni kwastan shi ne yanzu yake cewa, "Uwargida, ina littafin? Na sha shayi a tasha, rubuta."

To 'yan uwa, ga aikin da zan bar muku. Kada ku rage komai tukuna. Ku samo littafi, ku rubuta duk abin da ya fita na kwana 30, mata da miji tare, ba faɗa ba gori. Ramin gidanku ba lallai ya zama irin nawa ba, wata nata a anko yake, wani nasa a shayi da tsire. In kun gano shi, ku aiko mini da labari ta hannun editan mujallar nan. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓa batun kuɗin makarantar yara, na boko da na islamiyya, da shawarar barinsu a nan ko tura su gida.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya rufa mana asiri a baƙon wuri, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalam.